Agajin Gaggawa a Cikin Gida ga Matasa Masu Matsalar Ƙwaƙwalwa da Iyalansu

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami unguwar da babu gidan da aka taɓa kwana ba a runtsa ba saboda wani matashi. Wani yaro ne ɗan shekara 17 zai kulle kansa a ɗaki kwana uku, ba ci ba magana. Wata yarinya ce za ta faɗi jarrabawa, ta ce mutuwa ta fi mata. Wani saurayi ne zai kama surutai shi kaɗai, yana fasa kayan gida. A irin wannan dare iyaye kan rasa tudun dafawa. Wasu su kira 'yan sanda, wasu su nemi mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, wasu su ɗaure yaron, wasu kuwa su ja bakinsu su yi shiru don gudun abin faɗa.

Wannan babi zai yi bayanin wata hanya da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka fito da ita domin irin wannan hali, wato kai agaji ga matashi a cikin gidansu, tare da iyayensa, maimakon a ɗauke shi a kai shi wani wuri. Batun ya shafi ɗalibi mai koyon aikin malanta kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan fara ne kafin a wuce shekara 14. Haka kuma kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke hallaka masu shekara 15 zuwa 29. Waɗannan kuwa su ne shekarun yaran da malami zai tarar a aji.

2.0 Ma'anar Halin Gaggawa

Halin gaggawa na ƙwaƙwalwa shi ne lokacin da tunanin matashi ko yanayin zuciyarsa ko ɗabi'arsa suka rikice har ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, ko kuma abin ya fi ƙarfin mutanen gida. Alamominsa sun haɗa da:

(a) furta son mutuwa, ko yunƙurin ji wa kai ciwo;
(b) jin muryoyi ko ganin abin da sauran mutane ba su gani;
(c) zargin cewa ana bin mutum ko an sa masa guba, ba tare da dalili ba;
(d) daina ci da barci da magana na kwanaki;
(e) fushi mai tsanani da duka da fashe-fashe;
(f) gudu daga gida ko daga makaranta.

Ya kamata a lura da kalmomin da Hausa take amfani da su a nan. Kalmar "hauka" takan haɗiye dukkan waɗannan alamomi, alhali ba abu ɗaya ba ne. Da zarar an ce da yaro "mahaukaci", an mayar da ciwon suna, kuma sunan kan bi shi har wajen neman aure, wani lokaci ma ya shafi ƙannensa. Amma idan aka ce "yana fama da taɓin hankali" ko "yana cikin matsananciyar damuwa", an raba mutum da ciwonsa, an kuma nuna cewa abu ne da yake zuwa yake wucewa. Bambancin ba na ado ba ne. Tsoron wancan suna shi ne yake sa iyaye da yawa su ɓoye ɗansu har sai abin ya gagara.

3.0 Dalilan Kai Agaji Gida

Na farko, rikicin matashi ba ya tashi a sarari. Yana da alaƙa da mutanen da yake zaune da su: faɗan iyaye, mutuwar aure, rasuwar wani na kusa, talauci, tsangwama, ko abokan shaye-shaye. Likitan da ya ga yaro na minti 20 a ofis ba zai ga waɗannan ba. Wanda ya shiga gida kuwa zai ga inda yaron yake kwana, da wanda yake jin maganarsa, da abin da yake tunzura shi.

Na biyu, kwantar da matashi a asibiti yana yanke shi daga makaranta da abokai da 'yan'uwa. Idan aka sallame shi, gidan da ya bari shi zai tarar, iyaye ba su koyi komai ba, sai rikicin ya dawo. Masana sun kuma lura cewa makonnin farko bayan sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa lokaci ne da haɗarin kashe kai yake ƙaruwa.

Na uku, halin gaggawa ba na yaro ne kaɗai ba. Uwa takan ga laifin kanta, uba yakan fusata ko ya ƙaurace wa gida, ƙanne su tsorata. Su ma suna bukatar wanda zai zauna da su ya saurare su. Bugu da ƙari, ma'aikaci zai tafi bayan 'yan makonni, iyaye ne za su ci gaba da zama da yaron. Abin da suka koya shi ne zai dawwama.

4.0 Asalin Tsarin da Bunƙasarsa

4.1 Ƙauyukan Aro

Ɗaya daga cikin fitattun gwaje-gwajen farko na jinyar mai taɓin hankali a tsakanin danginsa a Nijeriya aka yi shi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa na zamani, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka sama musu masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin. Kowane marar lafiya yana zuwa ne da wani danginsa, wanda zai dafa masa abinci, ya yi masa wanki, ya raka shi karɓar magani da rana, su koma masauki da yamma. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san wajensu jama'a suke fara zuwa. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ko da yake ba a gidan marar lafiya ake jinyar ba, darasin Aro a fili yake: dangi ba cikas ba ne ga magani, wani ɓangare ne nasa.

4.2 Shirin Tacoma

Shekara 20 bayan haka, a 1974, wasu masana halayyar ɗan'adam guda biyu, Jill Kinney da David Haapala, suka ɗauki matakin shiga gidan kansa. A garin Tacoma da ke Jihar Washington ta Amurka suka fara wani shiri mai suna Homebuilders, wato magina gida, domin iyalan da hukuma take gab da ɗauke musu yaro. Ƙa'idojinsa kaɗan ne amma masu tsauri. Ma'aikaci zai isa gida cikin awa 24 da samun labari. Ba zai riƙe fiye da gida biyu a lokaci guda ba. Iyali suna iya kiransa dare ko rana. Aikin kuma gajere ne, mako huɗu zuwa shida. Daga baya Jihar New York ta ari wannan tsari domin yaran da ake shirin kwantarwa a asibitin ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna wani abin lura: shirye-shiryen da suka kwaikwayi sunan amma suka jibga wa ma'aikaci gidaje da yawa ba su ba da sakamako irin na masu bin ƙa'ida ba. Ke nan ƙarfin tsarin yana cikin lokacin da ake ba kowane gida.

4.3 Tawagar Tafi-da-gidanka ta New Jersey

A farkon shekarun 2000 wata jihar ta Amurka, New Jersey, ta ƙara wa tsarin sauri. Ta samar da layin waya guda ɗaya ga dukkan jihar, mai aiki dare da rana, domin yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 21. Idan iyaye suka kira, tawaga takan iso gida ko makaranta cikin awa ɗaya. Awa 72 na farko na kwantar da tarzoma ne, daga nan ana iya ci gaba da tallafa wa gidan har mako takwas. Babbar ƙa'idarsu ita ce iyali ne suke faɗin cewa suna cikin halin gaggawa, ba ma'aikaci ba. Bahaushe ya riga ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rahotannin jihar sun nuna cewa fiye da tara cikin goma na yaran da tawagar ta kai wa ɗauki sun ci gaba da zama a inda suke, ba a ɗauke su ba.

5.0 Matakan Aikin

Duk da bambancin wurare, aikin yakan bi matakai biyar. Domin sauƙin fahimta, a ɗauki misalin yaro ɗan shekara 16 da ya daina zuwa makaranta bayan rasuwar yayansa, sannan wata rana da dare ya gaya wa mahaifiyarsa cewa gara ya bi shi.

Mataki na farko shi ne kwantar da hankali. Ma'aikaci zai yi sallama, ya gaisa, ya nemi izinin maigida. Zai roƙi maƙwabta da suka taru su koma gidajensu, domin taron 'yan kallo yana ƙara wutar rikici. Zai zauna, ba zai tsaya a kan yaron ba. Zai sassauta murya, ba gardama, ba barazana. Idan yaro yana jin muryoyi, ba za a ce masa ƙarya yake yi ba, ba kuma za a gaskata muryoyin ba. Za a ce masa an ga yana cikin tsoro, kuma an zo ne a taimaka.

Mataki na biyu shi ne auna haɗari. A nan ana tambayar yaro kai tsaye: shin tunanin kashe kansa yana zuwa masa? Ya shirya yadda zai yi? Ya taɓa gwadawa? Mutane da yawa suna tsoron cewa tambayar za ta cusa masa tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Sau da yawa ma yaro yakan ji sanyi a ransa don an sami wanda ya ba shi damar faɗin abin da yake ɓoyewa.

Mataki na uku shi ne shirin kiyaye rai. Ma'aikaci da yaro da iyaye za su zauna su rubuta takarda guda: alamomin da ke nuna abin yana tasowa, abubuwan da ke kwantar wa yaron hankali, mutanen da zai iya zuwa wajensu, da lambar da za a kira. Sannan a kawar da abubuwan haɗari daga inda hannunsa zai kai, musamman maganin ƙwari da na ɓera da tarin magungunan asibiti da makamai. Hikimar wannan ita ce, niyyar kashe kai sau da yawa takan taso ne ta kwanta cikin ɗan lokaci. Idan abin aikatawa bai kusa, lokacin yakan wuce da ran mutum a jikinsa. A kwanakin farko ba a barin yaron shi kaɗai, sai a raba kwana tsakanin manyan gida.

Mataki na huɗu shi ne koyar da iyali. Ma'aikaci zai riƙa dawowa sau da yawa a mako. Zai nuna wa uba yadda zai tsawata ba tare da duka ko gori ba, ya nuna wa uwa cewa ciwon ba laifinta ba ne. Za a daidaita lokacin barci da na cin abinci, a mayar da yaro ga ƙananan ayyukan da ya saba. A misalin da aka kawo, za a ba shi damar yin maganar yayansa, abin da wataƙila mutanen gida suke kauce wa don kada su fama masa ciwo.

Mataki na biyar shi ne miƙa aiki. Kafin ma'aikaci ya janye, zai haɗa gidan da likita idan ana bukatar magani, ya je makaranta a tsara yadda yaro zai koma aji a hankali, ya kuma gano wani babba, kawu ko gwaggo ko malamin Islamiyya, wanda zai ci gaba da sa ido.

6.0 Inda Gida Ba Ya Wadatarwa

Kuskure ne a ɗauka cewa kowane hali a gida za a magance shi. Dole a garzaya asibiti nan take idan yaro ya riga ya sha guba ko ya ji wa kansa ciwo, ko yana riƙe da makami an kasa karɓewa, ko ya daina shan ruwa. Haka nan idan ruɗewar ta zo tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya ko jijjiga ko bugu a ka, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da farfaɗiya duk suna iya kama da taɓin hankali, kuma jinkiri a kansu yana iya kisa. Yarinyar da ta haihu, ta ruɗe cikin makonnin farko na jego, ita ma likita take bukata da gaggawa, saboda ranta da na jaririnta.

Akwai kuma gidan da shi kansa ne tushen cutar, inda ake dukan yaro ko ake lalata da shi. A nan barin yaro a gida zalunci ne. Abin da ya wajaba shi ne a sama masa wurin da zai tsira, a kuma sanar da hukumar jin daɗin jama'a.

7.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa kaɗan ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da sassa a asibitocin koyarwa. Mai zuwa daga ƙauye sai ya yi doguwar tafiya da marar lafiyar da ba ya son shiga mota. Saboda haka nauyin a kan iyali yake, sai dai nauyi ne da suke ɗauka ba tare da jagora ba. An ga sakamakon haka a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu yara, da yawa da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai mafi yawansu, ba don ƙiyayya ba, sai don sun rasa inda za su nufa. Shaye-shaye ya ƙara dagula lamarin, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

Duk da haka akwai harsashin da za a yi gini a kai. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba domin su iya gane waɗannan cututtuka su ba da kulawar farko. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar da haƙƙin marar lafiya. Sannan akwai abin da ƙasar Hausa ta gada: babban gida, da zumunci, da dubiya, da jin maganar liman da mai unguwa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Abin gudu shi ne duka da ɗauri da hana abinci da jinkirta zuwa asibiti.

8.0 Rawar da Malami Zai Taka

Malami ba likita ba ne, kuma ba a nemi ya faɗi sunan cuta ko ya ba da magani ba. Amma yana ganin yaro kwana biyar a mako, yana kuma iya kwatanta shi da tsaransa. Shi ne yakan fara lura da ɗalibin da makinsa ya faɗi ba zato, ko ya fara fashi, ko ya ware kansa, ko ya rarraba kayansa ga abokai, ko ya cika insha'insa da zancen mutuwa. Malamin Hausa ma ya fi kowa wannan dama, domin a harshen uwa yaro yake buɗe cikinsa.

Idan malami ya lura, sai ya kira ɗalibin gefe, ba a gaban aji ba, ya faɗi abin da ya gani ba tare da zargi ba: "Kwana biyu na ga ba ka da walwala, ga shi a rubutunka ka ce ka gaji da duniya. Me yake damunka?" Daga nan sai ya saurara. Kada ya ce, "Kai yaro da kai, me ka sani na damuwa?" Kada kuma ya yi alkawarin rufe sirri idan rai yana cikin haɗari. Gara ya ce, "Wannan magana ta fi ƙarfinmu mu biyu. Wa kake so mu fara gaya wa?" Sai ya sanar da shugaban makaranta da malamin ba da shawara a ranar, kada kuma a bar yaron ya tafi gida shi kaɗai.

Zuwa wajen iyaye shi ma yana bukatar iya magana, domin magana zarar bunu ce. Malamin da ya ce wa uba, "Ɗanka ya samu taɓuwa," ya rufe wa kansa ƙofa. Wanda ya ce, "Alhaji, na zo ne mu yi shawara a kan yaronmu. Yaro ne mai ƙoƙari, amma kwanan nan na ga abin da ya tayar mini da hankali," ya mayar da uba abokin aiki. Ya dace malamar mata ko wata dattijuwa ta shiga cikin gida wajen uwa, domin sau da yawa ita ta fi sanin abin da ake ciki. Yana da kyau kowace makaranta ta tanadi sunan asibiti mafi kusa da ke duba irin wannan matsala tun kafin bukata ta taso. Idan yaro ya warware ya dawo, malami zai sassauta masa aiki na ɗan lokaci, ya kuma hana 'yan aji yi masa laƙabi.

9.0 Kammalawa

An ga cewa agajin gaggawa a cikin gida ya ginu ne a kan abubuwa huɗu: zuwa da wuri, kiyaye rai, koyar da iyali, da haɗa su da masu ci gaba da kulawa. An kuma ga iyakarsa, wato halin da ba makawa sai an je asibiti, da gidan da bai dace a bar yaro a cikinsa ba. Daga Aro zuwa Tacoma da New Jersey, abin da aka gano ɗaya ne: matashi ya fi saurin dawowa hayyacinsa idan aka ƙarfafa mutanen da yake zaune da su. A inda babu tawagar da za a kira, mutum na farko da zai yi sallama a ƙofar gidan da labarin abin da ya gani, sau da yawa malamin makaranta ne.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mene ne halin gaggawa na ƙwaƙwalwa? Kawo alamominsa guda huɗu.
2. Bayyana bambancin da ke tsakanin "mahaukaci" da "mai fama da taɓin hankali" ta fuskar ma'ana da tasiri ga mai sauraro.
3. Kwatanta tsarin Aro da na Tacoma, ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu.
4. A waɗanne halaye ne bai kamata a tsaya jinya a gida ba?
5. Rubuta gajeriyar tattaunawa tsakanin malama da mahaifiyar wata ɗaliba da aka lura ta shiga matsananciyar damuwa.